Kadangarun Tsibirin Gado

Ranar Talata ce, ruwan farko na shekarar ya sauka da hantsi. Ruwa ne mai gaggawa, ya zo da iska, ya wuce tun mata ba su gama kwashe shanya ba. Amma ya isa ya tsaga tsohuwar katangar gidan Gado tun daga sama har ƙasa, tsagar da hannun babban mutum zai shige.

Baba Sanda, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya tsaya gaban tsagar ya riƙe ƙugu.

"Ta gama aikinta," ya ce. "Ran Asabar magini zai zo. A ture ta, a ɗora ta siminti, a fidda ƙofar butik, ɗan shago, ta wajen hanya."

Uwarsa, Inna Shatu, tana bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"To masu katangar fa?"

"Su wa ke nan, Inna?"

Ta nuna da haɓa. Can bisa katangar wani jan-gwada ne kwance, ƙato, ya ƙoshi da ƙudajen gindin turmi, yana ta gyaɗa kai kamar da shi ake shawarar. Ƙasa da shi matansa sun fito shan rana.

Duk ƙauyen, wanda ke yamma da Gidan Rumji a bakin fadamar gulbi, an san kadangare shi ne kan gidan su Gado. Ba su kashe shi, ba su bari a kashe shi a gabansu. An ce wani kakansu, zamanin yaƙe-yaƙen Gobir, ya ɓuya cikin kango, masu nemansa suka zo suka ga kadangaru kwance bisa bango ba wanda ya motsa, suka ce ba mutum a nan, suka wuce. Yanzu kowa a gidan yana salla, Baba Sanda har Makka ya je, amma yaron gidan da aka kama da danƙo yana harbin kadangare ya san abin da zai sha. Kuma ba a rushe bango da su a ciki. Shekarar da aka kawo Inna Shatu gidan, gulbi ya ci tsohon mazauninsu, sai surukinta Gado ya kwashe kadangarun bangon cikin buhu, ya haye da su tsibirin da ke tsakiyar babban tabki, inda ba kyanwa, ba kaza, ba yaro. Tun daga ran nan ake ce wa wurin Tsibirin Gado.

"Yadda Gado ya yi, haka za a yi," in ji ta. "A kira mini angona."

Angon nata shi ne jikanta Maharazu, ɗan ƙanen Baba Sanda. Ya haura ashirin da biyar, kuma tun yana ƙarami ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Ya bar lakol, makarantar boko, a aji biyar don benci ya ƙi shi. Ya koyi ɗinki a Maraɗi ya gudo, ya yi dakon albasa ya bari, yanzu kabu-kabu yake yi tsakanin ƙauyen da Gidan Rumji, shi ma ranar da ya ga dama. Wuri ɗaya tak yake iya zama tun safe har la'asar ba ya tashi, shi ne tsibirin nan. Yakan kwanta bisa gora irin ta masunta, ya tura ruwa da hannu ya haye, ya ce wa mutane kaba ya je yanka. Kabar kuwa ba ta taɓa cika dami ba.

Tsibirin bai fi ƙaramar gona ba. Akwai ƴan gorubai a tsakiya, tulin jan dutse a gefen gabas, sai kyauro da ya kewaye shi kamar danga. Da fari Maharazu ya ɗauka kadangarun wurin ƴaƴa ne da ba su gama girma ba. Sai ya ga mata da cikin ƙwai, ya ga maza da jan kai suna faɗa, ya gane iyakar girmansu ke nan. Da ya ƙara zama, sai ya ga ashe ba ma iri ɗaya ba ne. Na jikin goruba ƙafafunsu na baya dogaye ne, yatsu zara-zara, launinsu toka-toka kamar ɓawon itacen, suna tsalle daga wannan reshe zuwa wancan. Na cikin kyauro sirara ne, gajerun ƙafafu, wutsiya ta fi jiki tsawo nesa, suna rungumar kara iska na kaɗa su ba su faɗuwa. Na dutse kuma ƴan dukur-dukur, kai faffaɗa, muƙamuƙi mai ƙarfi, su kaɗai ke iya fasa ƙwaron nan mai taurin baya da ke fitowa daga ƙarƙashin duwatsu.

Buhu ɗaya Gado ya kawo, daga bango ɗaya. Abin ya daɗe yana cin Maharazu. Amsar ta zo masa wata damina da ya haye lokacin da tabki ya cika ya batse. Ya tarar da tsibirin ya nutse, ruwa har gwiwa. Ba abin da ya rage a sama sai gorubai, da kan dutse, da kawunan kyauro, kuma ko'ina kadangaru ne manne. Waɗanda ba su iya hawa ba, ko suka yi wa kara nauyi, ga su nan suna yawo bisa ruwa ciki sama. Ya tsaya cikin ruwan ya tuna da Inna Shatu ranar girbi, yadda take bin dami tana zare zangarniyar da ta fi tsawo ta ajiye don iri, shekara da shekaru, har hatsin gidansu ya bambanta da na maƙwabta. Ya ce a ransa, a nan ruwa ne ke zaɓen iri. Kuma ya lura da wani abu: a gari jikin goruba na kurege ne da maciji, kara na hawainiya ne, kadangare bango kawai aka bar masa. A nan kuwa Gado ya sauke su cikin gida mai ɗakuna da yawa ba kowa a ciki. Kowane ya shiga ɗakin da ya samu, ƴaƴansa da jikokinsa suka yi ta zuwa daidai da ɗakin.

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Wa zai tsaya ya ji zancen ƙafar kadangare?

Da ya shigo gida ran nan aka faɗa masa aikin da ke jiransa, sai ya wuce bakin ɗakin Inna Shatu. Ya tsuguna gaban kakarsa.

"Uwargida, ki bar wanga aiki. Na gida ba su zama da na tsibiri."

"Don mi? Ba dangi ba ne?"

"Dangi ne, amma na can ƙanana ne. Dubi wancan ƙaton. Ɗan can guda loma ɗaya ne a wurinsa."

"Ƙanana don yunwa. In ƴan'uwansu sun je sai su koya musu ci."

"Ba yunwa ba ce, Inna. Sun sāke ne. Ƙafarsu ta sāke, kansu ya sāke."

Ta ajiye ƙwaryar gyaɗa ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka kasa aji biyar, yau kai ne malamin ƙafa? Kadangare kadangare ne, angona. Allah bai yi shi iri goma ba."

"Allah ne dai ya yi. Ke ma ai shi ya yi hatsi, amma ke ke zaɓen zangarniya."

"Kada ka haɗa mini hatsi da ƙwaro."

"To in kai su katangar masallaci."

"Inda yara ke gwajin danƙo bayan kowace azahar?"

"Kangon Tala fa, bayan gari?"

"Kyanwoyi nawa ka gani can? Kai su bakin mutuwa ka dawo ka ce ba kai ka kashe ba?"

Baba Sanda, da ke auna tsawon katanga da igiya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ni dai ran Asabar gatari zai hau bango. Ku gama shari'arku kafin nan."

Maharazu ya yi zarge da izgar doki a bakin doguwar sanda. Aiki ne na haƙuri: ka lallaɓa ta baya, ka zura zargen a wuya yana gyaɗa kai, ka fizge. Yaran gida suna riƙe masa buhu suna ihu. Wanda ya shige tsaga sai a jira rana ta fito da shi. Ƙaton jan-gwadan nan shi ne na ƙarshe, ya ciji yatsan Maharazu har jini. Kafin Asabar bango ya zama ba kowa, buhu ya yi nauyi yana motsi.

Ya riga ya ƙulla abin da zai yi. Zai ɗaura buhun bayan moto, babur ɗinsa na kabu-kabu, ya wuce tabkin, ya sake su wani tsohon kango can hanyar Gidan Sori, ya dawo da jiƙaƙƙen wando. Yana tada moto sai ga Inna Shatu ta fito da mayafi da sandarta.

"Ina zuwa haka, uwargida?"

"Rakiya. Amarya ba ta raka angonta?"

"Ke da ba ki taɓa hawa moto ba?"

"Yau zan taɓa. Na san ka tun kana tsumma, Maharazu. Idonka ya gaya mini hanyar da za ka bi. Matsa."

Haka suka ratsa ƙauye, tsohuwa a baya ta damƙe rigarsa tana salati duk ramin da suka faɗa, buhu a kan tanki, masu shayi suna dariya suna cewa ango ya ɗauko amarya da lefe. A bakin tabki ta sauka ta zauna gindin gawo, ta kafa sandarta a ƙasa.

"Daga nan ina ganin komai. Idona bai mutu ba tukuna."

Ya ɗora buhun a bayansa ya kwanta bisa gora. A tsakiyar ruwa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ya daina turawa. Igiyar da ta ɗaure buhun a jikinsa tana ƙarƙashin haɓarsa, ƙulli ɗaya ne. Da zai ja, buhun zai zame, ya ce gora ce ta juya, ba mai ƙaryata shi. Yana jin faratansu ta cikin buhun algarara suna kartar bayansa, da ɗumin jikinsu. Ya sa yatsa a ƙullin. Sai ya ga ba zai iya ba. Ba tsoron tsohuwar ba ne, ba kuma tsoron wani abu zai same shi ba. Tun yana rarrafe ake cire masa hannu daga kansu ana cewa namu ne, abin ya riga ya zauna a hannun.

Ya ci gaba da turawa. Kafin ya isa wata dabara ta zo masa, ya riƙe ta da ƙarfi don ba shi da wata. Waɗannan manya ne, masu nauyi, bango kawai suka sani. In ruwa ya cika a watan takwas kamar kullum, ba su iya kara, goruba da kan dutse kuma ba su ɗauke su duka. Ruwa zai yi zaɓensa, shi ba ruwansa. Na tsibiri su daure wata biyu ko uku kawai.

Ya kwance buhun a gefen da ya fi nisa da gorubai. Suka fito da gudu suka tsaya cirko-cirko, sai ƙaton ya nufi tulin dutse kai tsaye, ya haye can bisa, ya fara gyaɗa kai. Ƴan dukur-dukur ɗin da ke shan rana a wurin suka watse.

Da ya dawo gaɓa, Inna Shatu ta shafa kansa mai jiƙaƙƙen gashi. "Allah ya yi maka albarka. Ka sauke mini kaya."

Damina ta fara da kyau, sannan ta tsaya. A watan takwas hadari yakan haɗu ya yi baƙi, iska ta kwashe shi. Hatsi ya yi rabin abin da aka sa rai. Gulbi bai kawo ruwan da ya saba ba, tabki ya ɗan taso ya taɓa gindin kyauro ya koma. Mutane suna duban sama saboda gonakinsu, Maharazu yana duba tare da su, yana jin kunyar abin da shi yake roƙon ruwan dominsa. Tsibirin bai nutse ba ko sau ɗaya.

Kowace hayewa sai ya tarar da abin ya ƙaru. Na gida sun mamaye dutse tun makon farko. Na dutsen, da aka kore su daga ramukansu, suka koma fili, shirwa ta gane wurin. Daga nan baƙin suka koma gindin gorubai, suna hawa har inda reshe ya rabu, suna tare ƙwarin da ke hawowa daga ƙasa. Wata rana da rana tsaka ya ga ƙaton nan da wata doguwar ƙafa mai zara-zaran yatsu tana leƙowa daga bakinsa, tana ɗan motsi. Ya ɗauki dutse ya ɗaga hannu. Ya daɗe a haka. Ya ajiye dutsen.

Ya koma ga sandarsa da izga, ya ce zai kwashe su ya mayar gari ko tsohuwa ta tsine masa. Amma sun riga sun san zarge, daga nesa suke hango shi su shige rami. Ƴan kaɗan da ya kama ya kai su kangon Tala, ba su rage komai ba, don matan sun riga sun binne ƙwai cikin yashi. Da kaka ta yi, tsibirin ya cika da ƴaƴansu, kowane tun yana ɗan wata biyu ya kai uban na can girma.

A gida an gama katangar siminti, sumul, ba tsaga ba rami. Baba Sanda ya buɗe butik yana sayar da sukari da taliya. Inna Shatu takan ce gidan ya yi shiru, sai ta ƙara da cewa ba komai, suna can cikin danginsu. Maharazu bai taɓa amsa mata ba. Ya koma kabu-kabu sosai, har Sae Sabuwa yake kai mutane, har ana cewa yaron ya shiryu.

Da bazara ta zagayo, wata safiya ya haye da ƙwarya da faifai. Ya zauna gindin goruba har rana ta ɗaga, ya duba kowane reshe. Ya ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya shiga cikin kyauro, inda kara ke lanƙwashewa in mai nauyi ya hau, ya tarar da siraran suna nan yadda ya san su. Ya kama ɗaya da hannu, a hankali, ya rufe cikin ƙwaryar.

Ya sami Inna Shatu tana duba zangarniyoyin irin da ta ware daga ɗan abin da aka samu. Ya ajiye ƙwaryar gabanta.

"Mi ka kawo mini? In fura ce ta yi kaɗan."

"Buɗe a hankali."

Ta ɗaga faifai. Abin yana manne a jikin guntun karan da ya sa masa, ya rungume shi da gajerun ƙafafunsa, wutsiya ta zagaye ƙwaryar. Kansa ja ne, ja irin na kan katangarsu.

"Wanga ɗan wa?"

"Jikan buhun Gado ne. Kamar ni."

"Ƙarya kake."

"Dubi kan."

Ta kawo fuskarta kusa. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa ɗan yatsa, ya bar karan ya hau, ya naɗe yatsan kamar zobe. Ba ta ji nauyinsa ba. Sai ya ɗaga ƙirji ya gyaɗa mata kai sau biyu.

"Ikon Allah," ta ce ƙasa-ƙasa. "Gaisuwar gidanmu ce. Amma jikin ba namu ba ne." Ta juya yatsan tana duba ƙafafun. "Ka ce akwai masu doguwar ƙafa. Da masu babban kai. Kawo su in gani."

"Babu su, Inna."

"Kamar yaya babu?"

Ya gaya mata. Bai ƙara ba, bai rage ba, har da ƙafar da ya gani a bakin ƙaton, har da ruwan da ya jira bai zo ba. Da ya gama, ta dubi zangarniyoyin da ke cinyarta, ta dubi abin da ke yatsanta.

"Shekara sittin da wani abu ina gidan ga, ban taɓa haye ruwan nan ba. Kai ka haye. Mi ya hana ka kawo mini ƙwaryar ga tun ran da katanga ta tsage? Baki ka kawo mini, Maharazu. Bakinka kuwa na san shi."

Abin bai taɓa zuwa masa ba. Ya yi tunanin kango, ya yi tunanin ƙulli, ya yi tunanin ambaliya, bai yi tunanin ƙwarya ba.

"Wataƙila," ya ce daga baya, "in ruwa ya dawo yana cika, waɗanda muka kai su ma jikokinsu su sāke."

"Wataƙila. Ba ni nan, kuma ba waɗancan ba ne za su dawo." Ta mayar da shi bisa karansa da kanta, ta rufe faifai. "Maida shi tun rana ba ta yi zafi ba. Amma tsaya. Lissafa mini tukuna, in san abin da na yi."

Ya lissafa mata. Kadangaru talatin da ɗaya ya haye da su cikin buhu, ko ɗaya bai mutu a hannun ɗan gidan ba. Iri uku ya sani a tsibirin. Na kyauro suna nan. Na dutse saura biyu da ya gani, duka maza. Na goruba ba saura ko ɗaya.